Agogon na'urorinmu ba sa jituwa: a sayo GPS mai bugun sakan ko a haƙura da intanet?

Mai Sabar:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ni ke kula da na'urorin wata makaranta mai zaman kanta: sabar biyu, na'urar naɗar hotunan kyamarorin tsaro, na'urar dangwala yatsa ta ma'aikata, sai kwamfutocin ɗakin jarrabawa. Matsalar ita ce kowacce da nata lokacin. Kwanan baya wata kwamfutar hannu ta yi ɓatan dabo a ofis, muka zo haɗa abin da kyamara ta naɗa da abin da na'urar yatsa ta rubuta, sai ga tazarar mintoci tsakaninsu. Mutumin da kyamara ta nuna yana fita, na'urar yatsa ta ce a lokacin bai ma iso ba. Intanet ɗinmu na layin waya ne, yau akwai gobe babu. Wani ya ce in sayo ƙaramar na'urar GPS mai fitar da abin da ake kira PPS in haɗa da sabar. Shin wannan magani ne, ko dai son kayan wasa ne irin namu na mutanen kwamfuta?

Ɗan Linux:
Wa alaikumus salam Malam. Magani ne, kuma ba shi da tsada. Bari in fara da dalilin da ya sa agogon naku ke rarrabuwa. Kowace kwamfuta tana ƙirga lokaci ne da wani ɗan ƙaramin dutsen kwatz da ke karkarwa in an ba shi wuta. Ba a taɓa yanka biyu su fito daidai cif. Wanda ya kauce da kashi 20 cikin miliyan, kuma wannan ba wani mugun kaucewa ba ne, zai yi gaba ko baya da sakan 1.7 a yini, wajen sakan 52 a wata. In ɗaya na gudu ɗaya na nawa, a wata huɗu ka sami minti bakwai tsakaninsu. Ga zafi kuma, yana sauya saurin dutsen.

Na'urar GPS abu biyu take bayarwa. Na farko rubutu ne da take turowa ta wayar siriyal, jimlolin NMEA, masu cewa yau kwanan wata kaza, ƙarfe kaza, sakan kaza. Na biyu shi ne PPS: waya guda ce da wuta ke tashi a kanta sau ɗaya a kowane sakan, kuma daidai tashin nan shi ne farkon sakan ɗin. Babu lamba a cikinsa, babu kwanan wata, bugu ne kawai.

Mai Sabar:
To in rubutun ya riga ya faɗi lokaci, mene ne amfanin bugun?

Ɗan Linux:
Rubutun a makare yake zuwa. Sai na'urar ta gama lissafinta, sannan ta jero haruffan ɗaya bayan ɗaya a gudun 9600, wanda bai wuce haruffa 960 a sakan ba. Kafin jimlar ta ƙare, milisakan ɗari ko ɗaruruwa sun wuce (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), kuma jinkirin ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya danganta da yawan taurarin da take ba da labarinsu a wannan sakan. Ka ɗauka an kaɗa ƙararrawar makaranta, sannan monita ya biyo baya aji-aji yana cewa waccan ƙararrawar ta ƙarfe goma ce. Ƙararrawa ita ce PPS, monita shi ne NMEA. Kana buƙatar duka biyun. Takardar bayanan kamfanin u-blox ta na'urorinsu irin NEO-M8 ta ce bugun yana faɗuwa cikin nanosakan 30 a matsakaici, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan.

Sarkin Gardama:
Nanosakan 30 don a san ko malamin lissafi ya makara? Haba jama'a. Malam Mai Sabar, kada yaran nan su sa ka kashe kuɗin makaranta a banza. Matsalarka ba ta daidaito da agogon duniya ba ce, ta jituwa ce. Ka ɗauki sabar ɗaya ka mai da ita uwar agogo, ka sa mata chrony, manhajar daidaita agogo, ka rubuta layin `local stratum 10` da layin `allow` na hanyar sadarwarku, sannan ka shiga saitin kyamara da na'urar yatsa ka ba su adireshinta a gurbin NTP, wato tsarin karɓar lokaci ta hanyar sadarwa. Shi ke nan. Ko da uwar ta yi kuskuren minti guda, kowa ya yi kuskuren tare, hoto da rajista za su haɗu. In intanet ya dawo ta gyara kanta. Ko sisi ba ka kashe ba.

Kuma kafin komai ka duba yankin lokaci a na'urar kyamarar. Wasu suna zuwa da saitin China, awa takwas gaba da UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, sai mai sakawa ya murɗa agogon da hannu ya dace da namu ya tafi. Ranar da ka kunna mata NTP sai ta yi tsalle da awa bakwai ka ce aljanu ne.

Ɗan Maraɗi:
Wannan maganar ta yankin lokaci gaskiya ce. Mu da ku duk UTC da ƙarin awa ɗaya muke, ba ma sauyawa rani ko damina, amma na ga na'urar da aka sa wa saitin Faransa, tana cikin aikinta lafiya sai ƙarshen Maris ta ƙara awa guda da kanta.

Tsohon Injiniya:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Sarkin Gardama ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin nan shi ne abin da za a fara yi ko da GPS ko babu. Amma ina so in ja hankali kan kalmarsa ta "in intanet ya dawo ta gyara kanta". Da me za ta gyara, kuma har zuwa ina?

NTP, wanda marigayi David Mills na Jami'ar Delaware ya tsara tun shekarun 1980, yana aiki ne da zato guda: cewa lokacin da saƙo ya ɗauka wajen tafiya daidai yake da wanda ya ɗauka wajen dawowa. Kwamfutarka ta rubuta lokacin da ta aika, sabar can ta rubuta lokacin da ta karɓa da lokacin da ta mayar, taka ta rubuta lokacin da amsa ta iso. Sai a raba tafiyar gida biyu. In zuwa ya ci milisakan 30, dawowa ya ci 130, agogonka zai kauce da milisakan 50 kuma babu hanyar da zai sani. A layin waya irin wannan rashin daidaito shi ne abincin yau da kullum, musamman da yamma in layi ya cika. Ƙari a kan haka sabobin lokaci na kyauta a Afirka kaɗan ne, sau da yawa tambayarka sai ta tsallaka teku.

Milisakan 50 ba zai dami makaranta ba, na yarda. Abin da zai dame ta shi ne ranar da wuta ta ɗauke, batirin agogon uwar sabar ya mutu, ta tashi tana cewa shekarar 2010 ake ciki, intanet kuma babu. Sai ta raba wa kowa wannan shekarar. Takardun tsaron shafuka su ƙi karɓuwa, shiga asusun Windows na ma'aikata ya tsaya domin Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, ba ya yafe tazarar da ta wuce minti biyar, lambobin sirri masu sauyawa duk sakan 30 su daina aiki. A wurinmu amfanin GPS ba nanosakan ba ne, ɗana. Amfaninsa shi ne kana da lokaci na gaskiya daga saman rufinka, ko akwai data ko babu.

Sarkin Gardama:
Baba, da girmamawa, in haka ne ai rubutun NMEA kaɗai ya isa. A sayo 'yar GPS ta USB a soka, a manta da zancen PPS da walda.

Tsohon Injiniya:
Ya isa ga buƙatarsa ta yau, ban musa ba. Amma bambancin kuɗin waya ɗaya ce. Kuma akwai abin da bugun ke yi wanda mutane ba sa lura: yana koya wa chrony ainihin saurin dutsen kwamfutarka, cikin mintoci kaɗan kuma da kyau. In siginar ta ɓace, da wannan ilimin kwamfutar za ta ci gaba da tafiya ba tare da ta kauce sosai ba. Da NMEA mai rawa, koyon yakan daɗe kuma bai kai wannan kyau ba.

Malamar Fiziks:
Bari in sa baki kan inda lokacin yake fitowa, don ɗalibai na cikin zauren. Taurarin GPS suna shawagi a nisan wajen kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a yini, kuma kowanne yana ɗauke da agogon atam, yawanci na rubidiyam. Abin da tauraro ke faɗa kullum bai wuce "ni wane ne, ina wuri kaza, agogona ya ce kaza" ba. Na'urarka ba ta san abu huɗu ba: inda take ta fuska uku, da kuskuren agogonta. Shi ya sa take buƙatar taurari huɗu. Wato lokaci ba kyauta ba ce da aka ɗora a kan nuna hanya, shi ne ginshiƙin abin gaba ɗaya. Haske yana cin santimita 30 a nanosakan ɗaya, mita 300 a mikrosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Wayar da ke aljihunka ba za ta nuna ka a ƙofar gidanku ba sai ta san lokaci fiye da duk agogon da ke cikin garin.

Abin da nake so in ga fuskar ɗalibai in na faɗa shi ne na Einstein. Agogon da ke can sama yana rigan na ƙasa da mikrosakan 45 a yini saboda raunin janyowar ƙasa a can, yana kuma ja baya da mikrosakan 7 saboda gudunsa. Saura 38. An rage saurin agogunan tun kafin a harba su don a cike wannan. In ba a yi ba, kuskuren wuri zai riƙa taruwa da kilomitoci a kowace rana.

Mai Sabar:
Malama Allah Ya ƙara basira. To ku sauko da ni ƙasa. Me zan saya, ina zan soka?

Ɗan Linux:
Hanya mafi sauƙi: 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, in ka samu na 4 ya fi, domin a na 3 ƙofar kebul ɗin sadarwa ta bi ta USB ne, wannan na ƙara rawa ga masu karɓar lokaci daga gare shi. Sai allon GPS na u-blox da eriya mai igiya.

Ka lura sosai wajen saye. Allunan NEO-6M masu araha da suka cika kasuwa da yawansu ƙafa huɗu gare su kawai: wuta, ƙasa, aikawa, karɓa. PPS ɗin yana nan, amma an kai shi ga 'yar fitilar da ke ƙyaftawa duk sakan in na'urar ta kama taurari. Sai dai ka sa gilashi ka nemo ɗan resista da ke gefen fitilar, ka ɗiga dalma ka ja siririyar waya daga ɓangaren da ke fuskantar guntun. In hannunka na rawa, kai wa mai gyaran waya, minti biyu ne a wurinsa. Ko kuma tun farko ka nemi allo mai ƙafa biyar da aka rubuta PPS a jiki.

Haɗi: aikawar GPS zuwa ƙafa ta 10 ta Pi, PPS zuwa ƙafa ta 12 wadda ita ce GPIO 18. Duka a bolt 3.3, kada ka kuskura ka ba ƙafafun Pi bolt 5. A fayil ɗin config.txt ka ƙara

`dtoverlay=pps-gpio,gpiopin=18`

ka kashe na'urar shiga ta siriyal don kada tsarin ya riƙa yi wa GPS ɗin magana, ka sake kunnawa. Sai ka gwada da `sudo ppstest /dev/pps0`. In komai lafiya za ka ga layi sabo yana fitowa duk sakan. Sannan gpsd, manhajar da ke sauraron GPS, ya karanta rubutun, chrony ya haɗa biyun:

`refclock SHM 0 refid NMEA offset 0.2 noselect`
`refclock PPS /dev/pps0 refid PPS lock NMEA`

Wancan 0.2 misali ne, kowa sai ya auna jinkirin nasa allon ya sa. In ka buga `chronyc sources` ka ga alamar * a gefen PPS, ka gama. A kan Pi ɗin kansa za ka sami daidaito na 'yan mikrosakan, sauran kwamfutocin da ke kan kebul ɗaya da shi kuma ƙasa da milisakan ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Me zai hana a haɗa da sabar kai tsaye? Tsofaffin sabobi suna da ƙofar siriyal mai ƙafa tara a baya.

Tsohon Injiniya:
Ana yi, kuma ita ce tsohuwar hanya. Bugun yana shiga ta ƙafa ta 1, wadda ake kira DCD. Garmin GPS 18x LVC ta yi suna a wannan aikin shekara da shekaru. Amma in allon bolt 3.3 ne sai ka sa guntu irin MAX3232 a tsakani, kuma ga tarkon: guntun yana kifar da siginar. Tashi ya zama faɗuwa. A na'urorin u-blox tsawon bugun milisakan 100 ne in ba ka sauya ba. In kwamfutarka ta kama ƙarshen bugun maimakon farkonsa, za ta zauna daram, babu rawa ko kaɗan, alhali ta makara da milisakan 100 cif. Na taɓa tarar da irin wannan a wani wuri, an yi watanni ana alfahari da agogon. Abin da ya tona shi ne kwatanta shi da sabobin intanet guda uku, duka ukun suna nuna bambanci iri ɗaya.

Ta USB kuwa bugun yana rasa darajarsa, domin USB ba ya sanar da kwamfuta nan take, jira yake a zo a tambaye shi, duk milisakan ɗaya a tsohon tsari.

Sarkin Gardama:
Kun ga abin da nake gudu ke nan. An fara da "waya ɗaya ce", yanzu an kai ga dalma da guntu da bugu a kife. Kuma ba wanda ya taɓo babbar maganar: GPS na sojan Amurka ne. Har zuwa watan Mayun 2000 da gangan suke gurɓata siginar da farar hula ke karɓa. Wanda ya kashe abu da maɓalli zai iya kunna shi da maɓalli. Mu ɗora agogonmu a kan abin da ba mu da ko ƙwayar iko a kai?

Malamar Fiziks:
Malam, sabobin NTP ɗin da kake so a dogara da su, ina kake zaton mafi yawansu suke samo nasu lokacin? Eriyar GPS ce a kan rufin wani a Turai ko Amurka. Ba ka tsere wa tauraron ba, ka dai ƙara tekun da ke tsakaninku.

Sarkin Gardama:
Wannan ta shige ni Malama, amma ba ta amsa tambayar ba.

Tsohon Injiniya:
Tambayarka tana da tushe, sai dai tarihi ya nuna ba mugunta ce ta fi yin ɓarna ba, kuskure ne. Ranar 26 ga Janairun 2016, lokacin da ake sallamar wani tsohon tauraro mai lamba SVN 23, aka loda wa wasu taurarin bayanin gyaran UTC mai kuskuren mikrosakan 13. Masu nuna hanya ba su ji komai ba. Amma na'urorin kamfanonin sadarwa a ƙasashe da dama suka yi ta kuka na sa'o'i, har rediyon dijital na BBC ya sami tangarɗa. Mu da muka yi aikin sadarwa mun san dalili: turakun 5G da wasu na 4G suna aikawa da karɓa a mita ɗaya ta rediyo, suna karɓa-karɓa da lokaci, kuma haƙurinsu bai wuce mikrosakan ɗaya da rabi ba. Galileo, takwaran GPS na Turai, shi ma ya kwanta kusan mako guda a Yulin 2019, matsalar kuma daga kayan lokacinsa na ƙasa ta taso.

Maganin dogaro da ƙasa ɗaya yana nan a kasuwa: na'urorin zamani suna sauraron GPS da GLONASS na Rasha da Galileo da BeiDou na China. Amma ni abin da ya fi ba ni tsoro yana cikin akwatinka ne. GPS yana ƙirga makonni daga 6 ga Janairun 1980, kuma a tsohon saƙon gurbin lambar makon bai ɗaukar fiye da 1024. In ya cika sai ya koma sifili. Ya faru a Agustan 1999, ya sake faruwa 6 ga Afrilun 2019, na gaba a Nuwamban 2038. Kowane kamfani da dabarar da ya sa a na'urarsa don ta gane zagayen da ake ciki, kuma tsohuwar na'ura tana iya wayar gari ta koma baya da kusan shekara ashirin a ranar da ba ta cikin waɗannan. A 2021 ma gpsd kansa aka gano yana da kuskuren da zai mai da agogo watan Maris na 2002 daga ranar 24 ga Oktoba, sai da aka fitar da 3.23 aka gyara. A duk wannan, bugun PPS yana nan daidai da nanosakan ɗinsa. Shekarar ce ba daidai ba.

Don haka kada ka cire sabobin intanet daga saitin chrony don ka sa GPS. Ka bar uku ko huɗu. Su ne shaidun da za su ce wa GPS ƙarya kake.

Ɗan Linux:
Baba ya tuna min da batun ɗauke wuta, wanda ya shafe mu kai tsaye. Lokacin GPS ba ya bin sakan ɗin da ake ƙara wa UTC lokaci-lokaci, shi ya sa tun ƙarshen 2016 yake gaba da UTC da sakan 18. Wannan adadin taurarin ne ke sanar da shi, amma cikin dogon saƙon da ke ɗaukar minti 12 da rabi kafin ya zagayo. Allon da ya tashi ba tare da ya tuna komai ba, domin ɗan batirinsa ya mutu, zai yi amfani da tsohon adadin da aka rubuta masa a masana'anta har sai saƙon ya iso. A wannan ɗan tsakanin yana iya kaucewa da sakan biyu ko uku. A wurin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka ɗora Pi ɗin a kan batirin inbata ko ƙaramar UPS, cinsa kaɗan ne. Ka ƙara masa ɗan agogo mai batiri irin DS3231, domin Pi kafin na 5 ba shi da nasa.

Ɗan Maraɗi:
Wannan ƙarin sakan ɗin ba shi ne ya kayar da shafuka a 2012 ba?

Ɗan Linux:
Shi ne, daren 30 ga Yuni. Wani kuskure a cikin Linux ya sa sabobi suka ruɗe, Reddit ya faɗi, jiragen Qantas suka yi jinkiri a Ostareliya. Google don gudun haka ba ya ƙara sakan ɗin lokaci guda, yana shafa shi a hankali cikin awa 24. Shi ya sa ba a so ka gauraya sabobin lokacin Google da GPS a saiti ɗaya, ranar ƙarin za su saɓa. Tun 2016 dai ba a sake ƙarawa ba, kuma a Nuwamban 2022 babban taron awo na duniya ya yanke a daina nan da 2035.

Malamar Fiziks:
Akwai wani abu da littattafan Turawa ba sa damuwa da shi sosai amma mu ya shafe mu. Yankinmu yana kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, arewa da kudu. Bayan faɗuwar rana, sashen sararin sama mai cajin lantarki yakan yamutse a wannan yankin, siginar tauraro ta riƙa ƙarfi tana rauni cikin sauri, har na'ura ta saki wasu taurarin. Ya fi yawa daga magariba zuwa tsakar dare, wajejen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, kuma ya fi tsanani a shekarun da rana ke kan ganiyar tashin hankalinta. In ka ga yawan taurari na raguwa da dare, kada ka yi saurin zargin eriya. Siginar dama can rauni gare ta, tana isowa ƙasa da ƙarar da ke cikin iska, sai da dabarar lissafi ake tsamo ta. Ga mai neman mikrosakan ɗaya ko biyu wannan ba zai hana shi barci ba, muddin eriyar na ganin sama sosai. Masu neman fiye da haka su ne ke sayen na'ura mai sauraron mita biyu ta rediyo, ko irin NEO-M8T da ake sanar da ita inda take zaune dindindin, ta yadda ko tauraro ɗaya ya rage za ta ci gaba da ba da lokaci.

Mai Sabar:
Ɗakin sabar namu rufin kwano ne da silin, taga ɗaya ƙarama mai ƙarfe. A ciki zan ajiye eriyar?

Tsohon Injiniya:
Kwano ba ya barin siginar ta wuce. A bakin taga za ka iya kama 'yan taurari na ɓangare ɗaya, su zo su tafi, ga wanda ya daki bango ya dawo yana ruɗa lissafi. Fitar da ita waje. Ba sai ta hau can ƙololuwa ba, sarari take so ba tsawo ba, kuma kada ta zama ita ce mafi tsayi a ginin, damina na zuwa. Ka sa abin kare tsawa a kan igiyar inda ta shigo ɗaki, ka haɗa shi da ƙarfen da aka binne a ƙasa. Ka naɗe mahaɗin da tef mai hana ruwa. Igiyar tana ƙara jinkirin wajen nanosakan 5 a kowace mita, mita goma nanosakan 50 ke nan, kai wannan bai dame ka ba. Abin da zai dame ka shi ne raunin sigina in igiyar ta yi tsawo, don haka ka sayi eriya mai ɗan amfilifaya a ciki.

Sai zafi. Kada ka ajiye Pi ɗin a bakin iskar AC. In wuta ta ɗauke AC ya tsaya, ɗakin ya ɗau zafi, dutsen ya sauya sauri, za ka gani ƙarara a alƙaluman chrony. Akwatin roba mai murfi a lungun da iska ba ta kaɗawa ya fi masa.

Sarkin Gardama:
Har yanzu ina kan bakana: ya fara yin abin da na faɗa yau da yamma, kyauta, ya ga ko matsalar ba ta kau ba. Bankunan Turai, inda doka ta tilasta wa masu cinikin hannun jari na gaggawa su tsaya cikin mikrosakan 100 tun 2018, su suka san zafin PPS. Makaranta fa?

Mai Sabar:
Na ji duka, na gode ƙwarai. Na shiga na'urar kyamarar yanzu, gurbin NTP a kashe yake, yankin lokacin kuma ba namu ba ne. Zan fara da shawarar Sarkin Gardama yau. Pi ɗin kuma akwai guda a ɗakin gwaji da ba a amfani da shi, allon GPS da eriya kawai zan nema, zan rubuta wa shugaban makaranta. Tambaya ta ƙarshe: na'urar yatsar ba ta da gurbin NTP ko kaɗan, sai dai manhajarta da ke kan wata kwamfutar Windows.

Ɗan Linux:
Irin waɗannan daga kwamfutar da manhajar ke kai suke karɓar lokaci. Ka nuna wa Windows ɗin adireshin uwar agogon da `w32tm`, ka rage tazarar tambayarsa, domin wadda ba ta cikin rukunin ofis takan daɗe ba ta tambaya ba. Sannan ka duba cikin manhajar, yawanci akwai wurin da za ka ce ta tura wa na'urar lokaci duk sanda suka haɗu. In babu, sai ka sa a jadawalinka kana dannawa da hannu duk Litinin, kuma ka sauya ɗan batirin da ke cikin na'urar yatsar tun kafin ya mutu.